Hannun Mai Agogo

Ƙanwata Mai Kwaɗi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da kwaɗinki. Kada ki ji haushin sunan, haka dangi suke kiranki tun da Baffa Malam ya ba da labarin cewa aikin 'yarsa a can shi ne yi wa ƙwan kwaɗi allura. Mu nan ba zan ce lafiya ƙalau ba, amma muna nan.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce 'yar Baffanki Mai Agogo, wadda take aiki a gidan waya. Kakanki da kakana wa da ƙane ne. An ce zumunci a ƙafa yake, tawa ƙafar ba ta taso ba sai da buƙata ta koro ta. Ki yi haƙuri da ni.

Ina da 'ya, ta kusa shekara biyu. Baba yana kiranta Uwargida, wai ita ce matarsa tun da Inna ta rasu, sunan kuwa ya bi ta. Ba ta zama. In an ɗauke ta sai kanta ya faɗi baya, hannuwa su zube kamar rigar da aka ciro daga igiyar shanya. Ba ta taɓa kama nono ba. Kukanta, in kina ɗaya ɗakin ba za ki ji ba. Amma tana kallon mutum, kuma ta san mu.

Babban yaƙinmu shi ne ci. Komai sai an niƙa an tace, duk da haka tana ƙwarewa. A hannuna ta taɓa ƙwarewa har leɓenta ya canza launi, tun ranar in na ɗauki cokali sai in ji yatsuna sun mutu. A hannun Baba kaɗai take ci. Yakan kwantar da ita a hannunsa na hagu, ya ɗora cokalin a tsakiyar harshenta, ya shafa ƙasan haɓarta da ɗan yatsa, sannan ya jira. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar abin da ido ba ya gani da ɗan hantsaki, jira ba ya damunsa. Likita ya ce in nauyinta ya sake raguwa za su huda cikinta su sa mata robar ba da abinci. Baba ne ya tsaya tsakaninta da robar nan. Mijina kuwa, babanta, direban babbar mota ne, gida masauki ne a wurinsa.

Ga abin da ya kawo ni. Asibiti sun ɗebi jininta da nawa sun aika wani wuri, sakamako ya dawo. Likitan ya yi ta bayani, ni kuwa ina kallon igiyar takalminsa da ta kwance. Abin da na riƙe haruffa ne kawai: KCNK9. Ya ce an sami canji a wurin nan a jininta, an sami irinsa a nawa. To ni ga ni ina ɗaukar buhu. Ki gaya mini me ake nufi, da irin Hausar da kike yi wa Baffa Malam.

Kada ki kira ni. Wayata a hannun Baba take wuni saboda ko-ta-kwana, tasa ta lalace, kuma ya rantse ba mai buɗe masa cikinta. Da yamma kuma ɗaki biyu ne gare mu, ko tari ka yi an ji. Ki rubuto ta wurin aikina, ni da kaina zan tsamo ta daga buhu.

Yayarki ta gidan waya.

*

Yaya,

Na amsa sallamarki. Na gane ki tun kafin ki faɗa, ai ke ce kika taɓa yi mini kitson da ya hana ni rufe ido. Ina lafiya, sai ciwon wuya na sunkuyo. Ki gaishe da Baffa, ki shafa mini kan Uwargida. Na daɗe riƙe da wasiƙarki kafin na iya ɗaukar biro.

Haruffan nan na san su, a kan 'yan gidansu nake aiki. Sunan wata ƙwayar gado ce, wato umarnin da jiki yake bi ya ƙera wani abu. Abin da wannan take ƙerawa wata 'yar ƙofa ce a bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ta ƙofar nan wani sinadari da ake kira fotashiyam yake sulalewa waje a hankali, sulalewar ce take sa ƙwayar ta huta, ta kuma shirya wa saƙo na gaba. In ruwan da ke kewaye da ita ya yi tsami sai ƙofar ta rufe, in tsamin ya wuce ta buɗe.

Kin tambayi aikina a cikin zolaya, to ga shi. Muna da kwaɗi a tankuna a wani ɗaki mai sanyi. Ƙwansu ƙanana ne, rabi baƙi rabi fari. Nakan sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ɗura musu umarnin ƙofar da allurar gilashi da ta fi gashi siranta. Bayan kwana biyu ƙwan ya ƙera ƙofofin a jikinsa. Sai in soka masa wayoyi, wani layi ya fito a allon kwamfuta. In na zuba ruwa mai tsami layin ya sauka, in na ɗauraye ya koma sama. Wuni guda ina kallon layi yana hawa yana sauka, wannan shi ne abin da babana yake alfahari da shi a gaban mutane.

A irin ciwon Uwargida ƙofar ba ta ƙeru daidai ba, don haka ba ta aiki yadda ya kamata. Daga nan sanyin jiki yake zuwa, da wahalar haɗiya, da ƙaramin kuka. Ba wani abu kika ci ba, ba kuma wani abu kika ɗauka da ciki ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana gyara ƙofar. Abin da ake yi shi ne gashin ƙashi, da kula da numfashi, da irin abin da Baffa yake yi. Ki gaya masa a wurinmu ma ba kowa ke da hannunsa ba.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan ƙwaya. Kowa yana da biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Amma a nan jiki yakan kulle ta uban, ya yi aiki da ta uwar kawai. Shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai in ta wajen uwa ya zo.

Da sauran magana a kan wannan, amma ana kwashe ɗakin gwajinmu zuwa sabon gini, a kan kwali nake rubutu, masu ɗaukar kaya sun tsaya a kaina suna jiran kwalin.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kun gama ƙaura lafiya, ba kwaɗon da ya tsere. Uwargida ta yi mura ta warke. Ni ƙafata ce take kumbura da tsayuwa, ba wani abu ba ne.

Wasiƙarki ta zo a tsakanin takardun kuɗin wuta da kwalayen da mutane suke saye ta waya. Yanzu ke kaɗai kike aiko da rubutun hannu a garin nan, har abokiyar aikina ta ce ko saurayi na yi. Na karanta a tsaye a bayan akwatunan rarrabawa. Na gane batun ƙofa. Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba.

Na gaya wa Baba da yamma, yana wanke cokalinta. Ba ya yarda kowa ya wanke, yana da ɗan burushinsa na goge agogo da ya ware mata. Na ce, "Mai Kwaɗi ta ce abin ta wajen uwa yake zuwa."

Ya ce, "Wato ta wajenki."

Na ce i.

Ya ce, "Ke kuma ta wajen uwarki."

Na ce haka nake gani.

Ya kashe famfo. Ya dubi bango, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai lokacin da yake neman Inna akwai ɗaki a gidan iyayenta da kullum yake rufe. Sai bayan aure ya san ƙaninta ne a ciki, wanda bai taɓa tafiya ba har ya rasu. Ya ce, "Sun sani, suka rufe ƙofa suka ba ni shayi."

Kin san allura ta tono garma. Hoton Inna da yake saman teburin aikinsa tun rasuwarta, ya sauke ya sa a aljihun tebur tare da matattun agogo. Bangon ya bar fari a wurin. Ranar hutu Kawu, wan Inna, ya zo kamar yadda ya saba, da ayaba a leda saboda Uwargida. Baba ya tare shi a ƙofa. Ya ce, "Kun ba mu abin da kuka ba mu, ya isa." Kawu bai gane ba, ya yi dariya, ya ɗauka irin wasansu ne. Da Baba ya yi masa dalla-dalla sai ya rataye ledar a mariƙin ƙofa ya sauka. Tsoho ne, na ji saukarsa a matakala ta daɗe. Baba ya kuma faɗi wata kalma a kan Inna da ba zan rubuta ba.

Kina so ki san abin da na ji. Ban ji komai ba. Ina ninke kayan Uwargida lokacin, na ci gaba da ninkewa. Uwata ce, ita ta koya mini ninkin, amma na nemi zafin a ƙirjina ban same shi ba.

Abin da nake jin kunyar faɗa shi ne, tun ranar Baba ya sake. Yana ci, yana barci. Yana yi wa Uwargida tsiya, wai ta cika yanga, mijinta yana ba ta a baki tana juya kai. Ashe tun da aka ce an ga abin a jinina tsoro yake ji ko daga gare shi ne, bai faɗa ba. Da ya sami inda zai sauke kayan, hannunsa ya ƙara daidaita. An auna ta a asibiti, ta ƙaru. Likita ya ce a ajiye maganar roba tukuna.

Yayarki.

*

Ƙanwata,

Lafiya kuwa? Mu muna nan yadda kika sani.

Na ji shiru. Ni da nake rarraba wasiƙun gari, tawa ce ba ta zuwa. Kowane buhu sai na zazzage shi har ƙasa, abokiyar aikina ta ce saurayin ya gudu. In maganar gidanmu ce ta yi miki nauyi, na fahimta, ba ke kika haɗa ba. In kuma kin ga na yi sakaci da na bar Baba ya kori Kawu, ki faɗa, ba zan musa ba.

Kawu bai dawo ba. Na hango shi a tashar mota, ya ɗauke kai, ni ma ban kira shi ba. Uwargida ta fara riƙe ɗan yatsan Baba in yana ba ta abinci. Riƙon ba ƙarfi, amma riƙo ne.

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa, da neman gafara tun kafin komai. Ina lafiya. Ba fushi na yi ba, ba kuma gudunku nake ba. Wasiƙunki biyu suna can tsohon gini a cikin akwatin da ba mai buɗewa, sai jiya mai gadi ya kawo mini su tare. Na karanta ta farko na zauna a ƙasa. Na kira wayarki, Baffa ya ɗauka, muka gaisa, ya ce in gaishe da kwaɗi, na kashe.

Yaya, ba Inna ba ce. Ni na bar maganar a rabi, magana kuwa zarar bunu ce. Bari in ƙarasa.

Uwargida ta samu daga gare ki, ke ce uwa, shi ya sa ya bayyana a jikinta. Amma ki dubi kanki. Kina da canjin, kina ɗaukar buhu. Da daga Inna kika same shi, da jikinki da shi yake aiki, da ke ma ba ki kama nono ba. Lafiyar da kike da ita ita ce shaidar cewa ƙwayar da ta canza tana kulle a jikinki, wadda ake kullewa kuwa ta uba ce. Ta Inna ce take riƙe da ke, kuma lafiyayya ce. Ƙanin Inna ban san abin da ya same shi ba, abubuwan da ke hana yaro tafiya suna da yawa, amma ba wannan ne ya bi ta kanta ya zo ba.

Saura abu biyu. Ko dai canjin a kanki ya fara, haka kawai, ba wanda ya ba ki, yana faruwa. Ko kuma Baffa yana ɗauke da shi a kulle, shi ma daga ubansa. Namiji yakan ɗauka ya miƙa wa 'ya'yansa ba wanda ya sani, sai ya faɗa hannun 'ya mace ta haihu. Ko a nan ma ba kowace haihuwa ba, rabi da rabi ne.

Tun jiya Gwaggo take faɗo mini a rai, ƙanwar babana. Ta binne jarirai biyu, aka ce ba sa kama nono, aka ce nononta ne ba kyau. Ba ni da tabbas. Amma ba na son abin da nake tunani.

Hanyar sani mai sauƙi ce. A goga ɗan auduga a cikin kumatun Baffa, asibitinku za su iya. Sai dai dole a gaya masa dalili, ba a ɗaukar irin wannan a ɓoye. Ki gaya masa, Yaya. Inna ba ta da bakin kare kanta, Kawu kuma tsoho ne.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Ta sake ƙaruwa kaɗan, har wuyan rigarta ya fara kama ta.

Na karanta, na sake karantawa, na gane. Ba sai kin nemi gafara ba, ni na ɗauki rabin magana na kai gida da gudu kamar an aiko ni. Amma ba zan gaya masa ba, kuma ba wanda zai sa masa auduga a baki.

Ke kwaɗi kika sani, ni Baba na sani. Ina ƙarama yana wasa da ni, ya kama hannuwana yana juyi da ni a tsakar ɗaki, sai gwiwar hannuna ta goce. Abin bai kai ya kawo ba, a ranar aka mayar, washegari ina wasana. Baba bai sake ɗaukata ba. Ba faɗa, ba fushi, ya dai janye hannunsa. In na miƙa masa hannu sai ya ce, "Je wurin uwarki." Na girma ina kallonsa yana ɗaga 'ya'yan maƙwabta sama. Haka yake. Agogon da ya taɓa karya wa wani abu a ciki, ko an dawo da shi ba ya karɓa, sai ya tura mai shi wani shago. Duk abin da ya yarda shi ya ɓata, ba ya ƙara taɓa shi.

To ki gaya mini, in ya ji shi ya ba Uwargida wannan, wa zai riƙe cokalin? Ni? Na gwada ranar hutu yana wanka. Loma ɗaya, ta fara tari, na ajiye. Na je ɗakin da ake sa wa yara robar nan na gani da idona. Na san ba mutuwa ba ce, uwayen da ke wurin sun ce ta sauƙaƙa musu, wataƙila wata rana mu ma can za mu. Amma Uwargida ba ta da abubuwa da yawa. Ba ta gudu, ba ta wasa, ba ta kiran kowa. Tana da ɗanɗanon ayaba a harshenta da fuskar tsohon nan a kusa da tata. Ba zan karɓe mata ba.

Kin ce Inna ba ta da bakin kare kanta. Gaskiya ne. Ba ta kuma da cikin da zai ji yunwa. Na san ta, da za a tambaye ta cewa za ta yi a bar hoton a aljihun tebur, yarinya ta ci. Ko kuma ni nake faɗa mata haka don in samu in yi barci, ban sani ba. Kowace safiya ina wuce farin wurin nan a bango in ɗauki jakata in fita.

Kin ce ai yana yiwuwa a kaina ya fara. To mu bar shi a haka. Ni na ɗauka.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin wuyan riga. Ni ma lafiyata ƙalau, abin da ya sa maganar take da wuyar faɗa ke nan.

Na ji ki, ban kuma nemi kumatun Baffa ba. Nawa na goga. A wurinmu abu ne mai sauƙi, na yi da kaina, na ce in na ga babu sai in yi shiru yadda kike so. Da sakamakon ya fito a allo na duba wurin. Yana nan. Irin naki, irin na Uwargida, harafi ɗaya ne ya canza a cikin umarnin. Na je asibiti suka sake gwadawa, haka suka ce.

Kin ga ba a kanki ya fara ba. Ni da ke ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa kaka mace ba. Ta maza muka haɗu. Daga uban kakanninmu ya taho, ya bi ta kan kakana da babana ya zo gare ni, ya bi ta kan kakanki da Baffa ya zo gare ki.

Ranar na koma na zauna gaban ƙwaina, na ƙarasa na ranar duka. Layi yana hawa yana sauka. Na wanke kwanuka, na kashe fitila, na tafi gida na dafa abinci na ci. Ina ta jiran in yi kuka, bai zo ba. Akwai wanda yake zuwa wurina da maganar aure, ban gaya masa ba tukuna.

Amma Autarmu ta yi aure bara, kin sani. Ba zan iya barinta cikin duhu ba, haƙƙinta ne ta gwada kafin ta ɗauki ciki. In Auta ta sani babana ya sani, shi kuma ba ya mako bai kira Baffa ba, kuma ba a taɓa ba shi ajiyar magana ta kwana ba. Ba barazana nake miki ba. Zan jira har in ji daga gare ki, amma ba zan iya jira da yawa ba. Gara ya ji a bakinki, a zaune, da ya ji a waya tsakanin labarin ciwon gwiwa da na tsadar kaya.

Ki yafe mini. Na so in rufe maganar ne, sai na buɗe ta.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Sallama. Muna nan. Ki gaya wa Auta, hanya a buɗe take.

Game da naki, na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Ba ni da abin da zan ce miki da zai yi amfani. Ki gaya wa mutumin nan da kanki, ki gaya masa duka, kada ki bar rabi. In ya tsaya ya tsaya. Kuma ki riƙa cin abinci ko ba kya jin daɗinsa.

Na gaya wa Baba jiya da na dawo daga aiki. Ban cire takalmi ba, don na san in na zauna ba zan faɗa ba. Yana teburinsa yana marmasa mata ayaba da madara, ita tana kwance a shimfiɗarta tana kallon fanka. Na ce, "Baba, na kawo maka magana ba daidai ba." Na yi masa bayanin yadda kika yi mini, da kullewa da komai. Na gaya masa naki, na gaya masa na Gwaggo. Bai katse ni ba. Kin san shi da inji, kafin in kai ƙarshe ya riga ni isa.

Ya ce, "Ke nan uwarki ba ruwanta."

Na ce ba ruwanta.

Ya ce, "Ita ce ma ta tsare ki."

Na ce haka ne.

Ya ce, "To." Ya ajiye kofin. Can ya ce, "Na zagi matar da ba ta iya ramawa." Ya kuwa zage ta ɗin. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa yana kallonsu, kamar wani ne ya bar masa su ajiya.

Lokacin cinta ya yi. Ta sani, ta fara motsa baki tana juyo da ido wajensa. Bai tashi ba. Na cire takalmina, na wanke hannu, na jira. Ta fara ɗan kukan nan nata. A ɗakin muke duka, ba yadda za a yi a ce ba a ji ba.

Ya ce, "Ba ta."

Na ce, "Ba na iyawa, ka sani."

Ya ce, "Ni na yi mata wannan."

Na ce, "Ni ma ni na yi mata. Yunwa take ji, Baba."

Ban roƙe shi ba, ba ni da ƙarfin roƙo. Na ɗauko ta na ɗora masa a hannun hagu, ya zama ko ya riƙe ko ta faɗi. Ya riƙe. Ta lalubo ɗan yatsansa. Na miƙa masa cokalin ya karɓa, ya ɗebo, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Hannun Baba yana rawa. Cokalin yana buga bakin kofi, abincin ya zube a rigarsa kafin ya kai. Ya sake ɗebowa ya sake zubewa. Ya dube ni.

Na durƙusa a gefensa na kama wuyan hannunsa. Siriri ne, ban san ya rame haka ba. Na danne rawar, shi kuma ya kai cokalin inda ya san ana kaiwa, ya shafa ƙasan haɓarta, muka jira. Ta haɗiye.

Haka muka yi har kofin ya ƙare, kusan rabi a rigarsa. Bai yi mata tsiya ba, bai kira ta da kowane suna ba. Da safe ma haka muka yi, rawar ba ta ragu ba, na makara a wurin aiki. Na roƙi shugabanmu ya mayar da ni aikin rabin wuni, don yanzu ba a ba ta abinci sai mu biyu muna nan. Ya ce zai duba.

Ta ci dai.

Yayarki.